Nisan Kalaba, Har da Gaisuwa

Daren jiya, bayan na ci ɗumamen da na ɗumama da hannuna, na wanke kwanon da hannuna, na yi wa kaina sai da safe, sai na yi wani mafarki.

Kafin in shiga cikinsa, bari in faɗi abin da na kwanta da shi a rai. Autata Baraka tana aure a Kalaba, inda aikin kwastan ya jefa mijinta. Ta haifi 'ya mace, suna jibi. Uban mijin, Alhaji Sidi Maikanwa, ya riga ya sanar wa duniya cewa sunan mahaifiyarsa za a sa. Tsohuwar tana nan da ranta, tana daka goro a ɗan turmi tana ci, kuma takwarorinta huɗu a cikin zuri'a, har ana rasa laƙabin da za a bambanta su da shi. Matata kuwa shekara shida ke nan da rasuwa, ba ta da ko ɗaya, domin 'ya'yana maza sai maza suke ta haifa, kamar an ce musu za a yi yaƙi. Na san sa suna haƙƙin dangin uba ne. Na karanta haka a littafi fiye da ɗaya, ban kuma ji daɗinsa a ko ɗaya ba. Da Baraka ta ce in zo, na ce mata Kalaba da nisa.

To, a mafarkin sai ga ni a wani filin jirgi mai kama da na garinmu, sai dai jiragen a ɗaure suke a turaku, ana zuba musu harawa. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, mutane sun tattare bakin wando, kawunansu a bushe, ba wanda ya damu. Na kuma san, irin sanin nan na mafarki da ba ka tuna wanda ya gaya maka, cewa a ƙasar nan kakan da ya riga taka ƙasar Kalaba shi zai raɗa wa jaririya suna.

Wurin sayar da tikiti wata jar akuya ce a zaune, da tabarau, ta yafa gyale.

"Sannu da aiki, Hajiya," na ce. "Daga nan zuwa Kalaba kilomita nawa ne, kuma awa nawa?"

Na san amsar. Shekara talatin na yi ina koyar da labarin ƙasa ga yaran da ba sa gane gabas sai an ta da salla. Na tambaya ne don in ji ta yi kuskure. A shekaruna, wannan yana cikin ɗan daɗin da ya rage.

"Tsura, ko da gaisuwa?" ta ce.

"Ban gane ba."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Baba, kai baƙo ne? In mutum zai yi tafiya, masu rakiya ba sa ce masa ka gai da wane, ka gai da wance? Shi kuma ba ya cewa za su ji? To, a nan sai sun ji. Jirgi ba ya tsallake gaisuwar da aka amsa. In an ce ka gai da wani a Gusau, hanyar Kalaba ta bi ta Gusau ke nan."

Ta nuna mini taswirar da ke bayanta. Ta danƙo ce, bunsuru biyu suna riƙe da gefunanta da haƙora. Duk lokacin da wani a cikin filin ya ce "za su ji", sai su ja da baya kaɗan, garuruwa su ƙara nisa da juna.

"Wa ya rako ka?" ta ce.

"Babu."

"Wa ya ba ka sallahu?"

"Babu."

"Ko maƙwabci? Ko mai shagon unguwa?"

"Ba na gaya wa mutane zan yi tafiya. Ba na ma gaya musu ina gida."

Ta tauna gefen wani tikiti. Sannan ta ce, "Kilomita ɗari takwas ba kaɗan. Awa ɗaya da 'yan mintoci. Tun da na kama aikin nan ban taɓa ganin nisa tsirara haka ba. Allah ya kyauta, Baba."

Daidai ta faɗa, abin da ya ɓata mini rai. Amma na karɓi tikitina da jin cewa rashin jama'a yau ya yi rana.

Sai hayaniya ta cika ƙofa. Alhaji Sidi ne ya shigo, babbar rigarsa tana share ƙasa, bayansa mutane sun fi cikin motar bas biyu. Kowa yana riƙe masa hannu yana ba shi saƙo. Wannan ya ce a gai da ƙanensa a Maiduguri, wancan ya ce a gai da surukarsa a Agadas, wani tsoho ya ce akwai abokinsa a Kumasi, in yana raye. Alhaji sai "za su ji, za su ji" yake yi, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Kowace gaisuwa tana faɗawa aljihunsa a ƙulle cikin 'yar leda, kamar ƙullin yaji. Bunsurun nan biyu suka yi ta ja da baya har ɗaya ya fita ta taga. A taswirar Alhaji, Kalaba ta koma bayan Sudan.

"A'a, Malam Haladu!" ya ce da ya gan ni. "Ashe kai ma tafe kake? An ce mini ka ce da nisa."

"Ta matso," na ce, sannan na tambayi tsohuwarsa. "Ya jikin Hajiya?"

"Alhamdu lillahi. Jiya ma ita kaɗai ta tashi da kaza guda."

"Allah ya ƙara lafiya," na ce, saboda akwai mutane.

"Amin, amin. Ai yarinyar nan ta yi sa'a, za ta ci sunan mai tsawon rai."

 Na dubi taswirarsa kawai, na dubi tawa, na gyara hula.

Ban san lokacin da na hau sikeli ba. Irin tsohon sikelin auna gyaɗa ne, wani bunsuru mai kaki yana lura da allurar. Allurar ta zaga, ta sake zagawa, ta tsaya tana rawa.

"Ka ce ba ka da kaya," in ji bunsurun.

"Ba ni da shi."

Ya tura baki cikin aljihun rigata, ya zaro wani ƙulli. Ya bushe, ya yi tauri kamar tsohuwar daddawa. Ya zaro wani. Ya juye aljihun, suka zubo. Ya duba hula, akwai. Ya duba naɗin hannun riga, akwai. Kafin a jima sun yi tsibi har gwiwata.

"Waɗannan fa?"

Na gane su. Na mai naman bakin kasuwa ne, da na mai sayar da jarida, da na yarinyar da ke ofishin fansho, da na duk wanda na rabu da shi a hanya cikin shekara shida ya ce mini, "To Malam, a gai da gida."

"Me ka ce musu?" bunsurun ya tambaya.

"Abin da kowa ke cewa. Za su ji."

"Sun ji?"

"Babu kowa a gidan."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Na ce masa wannan magana ce ta fatar baki, ko masu faɗar ba su san sun faɗa ba. Na ce in dole ne, in na dawo zan gai da bango da ƙofa da randa. Ya ce masu gaisuwar ba randa suke nufi ba. Na ce to a zubar. Gaba ɗaya filin ya yi tsit, har jiragen suka daina cin harawa.

"A zubar da gaisuwa?" ya ce a hankali. "Kuma an ce malami ne kai."

Aka mai da ni gun jar akuya. Ta karɓi tikitin, ta cinye shi, ta ba ni wani.

"Za ka biya ta wurin uwargida, ka sauke mata kayanta, sannan Kalaba."

"Hajiya, ta rasu."

"Mun sani. Muna zuwa can kullum."

"Kilomita nawa ne?"

"Kusa ne. Kowa yana ɗauka da nisa, amma ya fi ko'ina kusa. Dawowar ce ba kowa muke ba kujera ba. Kai ka samu, saboda kana da suna a gaba."

Jirginmu ya durƙusa kamar raƙumi, muka hau. Jirgi ɗaya ne, amma kowace kujera da nisanta. Aka zaunar da ni kusa da Alhaji, kowa da tagarsa, kowa da abin da yake gani a ciki. Kayana aka ɗaure mini a buhu, na rungume shi a cinya.

Lasifika ya yi tari. "Jama'a, barkanmu da hantsi. Matuƙinku ne, Ɗan'azumi. Malam Haladu, ka gan ni? Ni ne na layin baya a ajinka."

Na gane muryar. Shi ne ya taɓa zana mini Kogin Kwara yana gangarawa cikin Tafkin Cadi, da na yi magana ya ce ai ruwa ruwa ne.

"Tafiyarmu awa ɗaya ce da 'yan mintoci," ya ci gaba, "amma ba a jere suke ba. Za mu tashi yanzu, za mu sauka in mun isa. Wanda yake sauri ya zauna a bakin kujera."

Na zauna a bakin kujera.

Mun ɗan taɓa tafiya ke nan sai jirgin ya ja birki a cikin gajimare. Wani jirgi ne ya taho daga kudu, matuƙan suka sauke gilashi.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"Ya iyali? Ya mai jiki? Ya kwana biyu? Ya muka ji da iskar nan?"

Suka gama, sannan suka sake ɗaukowa daga farko don kada a ce wani ya yi rowar gaisuwa. Na kira ma'aikaciyar jirgin, wata zabuwa mai ɗankwali, na tambaye ta ko wannan tsayuwa tana cikin awa ɗayar. Ta ce a'a, wannan lokacin matuƙi ne, daga gida ya taho da abinsa.

Ni dai hankalina a kwance yake. Zango ɗaya gare ni, Alhaji kuwa yana da rabin Afirka. Sai na ga ya tashi, ya buɗe tagarsa, ya tura kai waje. Ƙarƙashinsa Gusau ce. Ya kwance ƙulli goma sha wani abu a lokaci ɗaya, ya watsa, ya ɗaga murya:

"Mutanen Gusau! Kowa da kowa, ana gaishe ku!"

Garin gaba ɗaya ya amsa daga ƙasa, "Muna amsawa!"

Kujerarsa ta zabura gaba, ta bar tawa da taku guda.

"Wannan ai sari ne!" na ce wa zabuwa. "Gaisuwa ce ko kanwa?"

"An yarda da sari," ta ce, "in masu amsawa sun yarda."

Alhaji ya dube ni yana murmushi. "Malam, ku kun karanta duniya, mu mun yi ciniki da ita." Ya juya ya sari Agadas. Ya sari Maiduguri har da ƙauyukanta. Abokin tsohon nan na Kumasi ashe yana raye, ya amsa daga kan keke. Ina gani Kalabar Alhaji tana tahowa da gudu daga bayan Sudan, tana ture ƙasashe.

Sai kujerata ta zare kanta daga jirgin kamar aljihun tebur.

Wani tsakar gida ne, an share shi tas, da bishiyar lemun tsami a gefe. Matata tana zaune a kan tabarma tana tsince wake a faifai. Ba ta tsufa ba, ba ta kuma koma yarinya ba. Tana nan yadda take kafin ciwon.

"Ka iso?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Wa ya goge maka wannan rigar?"

"Ni."

"Ai na gani."

Na sauke buhun a gabanta. "Gaisuwa ce. Taki ce. Ta ɗan kwana biyu."

Ta ajiye faifan, ta kwance ƙulli ɗaya. Muryar mai nama ta fito daga ciki, a shaƙe saboda daɗewa: "To Malam, a gai da gida!"

"Ina amsawa," ta ce. "Har yanzu yana ɓoye ƙashi a ƙasan leda?"

"Har yanzu."

"Kai kuma har yanzu ba ka dubawa."

Ta kwance na biyu. Ta amsa. Ta tambayi ƙafar mai jarida. Ta kwance na uku, ta amsa, ta tambaya ko yarinyar ofishin fansho ta yi aure, na ce ban sani ba, ta ce ai ba za ka sani ba, kai in ba a rubuta abu a littafi ba bai faru ba. Na dubi agogona. Mintoci suna fita daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya kamar tururuwa, suna bin hannuna suna sauka ƙasa. Buhun kuwa ko wuyansa bai faɗa ba.

Na miƙe, na gyara murya. "Ke! Jama'a gaba ɗaya suna gaishe ki."

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko. "Ni Gusau ce?"

Na zauna.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni ina kwancewa, ita tana amsawa. Wasu masu gaisuwar na manta da su, ita ta gane su da murya. Wani ma ta ce ya riga ya iso nan, gidansa na bayan lemun, ta amsa masa ta kan katanga. Can wajen tsakiyar buhu na daina duba agogo. Ban ce na ji daɗi ba. Na dai daina dubawa.

Da muka kai ƙasan buhun na ce, "Baraka ta sauka. Mace."

"Na ji. Wa ke mata ruwan wanka?"

"Ban sani ba."

"Me ka sani?"

"Na san Alhaji Sidi yana so ya sa sunan uwarsa. Na biyar ke nan. In na riga shi sauka, ni zan raɗa."

"Wane suna za ka raɗa?"

"Naki."

"Wanne ke nan?"

"Kin san shi."

"Ni na san shi. Kai nake tambaya."

Auren fari ne namu, irin na da, kuma a gidanmu namiji ba ya kama sunan matarsa ta fari. Da muna yara kunya ce. Da muka girma ta zama al'ada, da muka tsufa kuma ya zama in na faɗa za a ɗauka wani abu ya same ni. In ina kiranta, "Ke" ne. In ina maganarta a waje, "mutanen gidan". Na san sunayen koguna na ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, na faɗe su da ƙarfi a gaban aji. Na buɗe baki a gabanta, abin da ya fito shi ne, "Ke ma dai."

Ta yi dariya har waken ya zube. "To Allah ya raya Ke," ta ce.

Na taya ta tsince waken daga tabarma. Inuwar lemun tana da sanyi. Na ce, kamar da wasa, "Ko in bar wa Alhaji ne, in zauna nan?"

"Tashi, a kan tsintsiyata kake zaune." Ta karkaɗe zanenta. "Da na ba ka gaisuwar mutanen nan duka ka mayar musu, amma sai Kalaba ta koma Makka. Ka bar su, na yafe. Ɗaya kawai zan ba ka." Ta sa mini ƙulli a tafin hannu, da ɗuminsa. "Ta Baraka ce. Tana kan hanyarka, ba za ta ƙara maka ko taku ba. Ka ga ni ma na iya labarin ƙasa."

Sai ga ni a jirgi, buhu ba komai. Kujerar Alhaji ta yi gaba har tana taɓa ƙofar matuƙi, amma shi yana zaune ya yi tagumi, ƙulli ɗaya tak a gabansa.

"Alhaji, lafiya? Kasuwa ta tsaya?"

"Wani mara tunani ne ya ce in gai da Bawale na Funtuwa," ya ce. "Ni kuma ban saurara ba, na ce zai ji."

Ashe shi da wannan Bawale sun yi shekaru ba sa magana, a kan wurin tsayuwa a sahun gaba na masallaci. Alhaji ya gwada sari. Ya leƙa ya ce mutanen Funtuwa ana gaishe su, garin ya amsa, ban da mutum ɗaya da ke zaune a ƙofar shagonsa ya toshe kunne da yatsu. Dole kujerar Alhaji ta sauka. Ta tagata ina hango su, tsofaffi biyu sun ba juna baya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Rana ta faɗi musu ta fito, ta faɗi ta fito. A agogona duka bai wuce shan kofin shayi ba. Da ya dawo, gemunsa ya ƙara tsawo, kujerata kuma ta kamo tasa.

"Ya amsa?" na ce.

"Ya ce yana amsa wa wanda ya aiko, ban da ɗan aiken."

"Jama'a," in ji Ɗan'azumi, "sauran mintocinmu sun iso, an same su a Lakwaja. Ga Kalaba nan a ƙasa, in ba ita ba ce to mai kama da ita ce. Malam, na ci ko ban ci ba?"

Jirgin ya durƙusa a bakin wata rumfa cike da 'yan suna. Ni da Alhaji muka zabura tare, muka cushe a ƙofa, babbar rigarsa ta naɗe ni, gwiwar hannuna ta shige haƙarƙarinsa, kowa yana ce wa ɗan'uwansa "bismilla, wuce mana" yana danne shi. Muka faɗo tare. Ƙafata ta dama da tasa ta hagu suka taɓa ƙasa lokaci guda.

"Kunnen doki," in ji wata murya.

Ragon suna ne. Fari, ƙosasshe, yana zaune a kan kujerar roba a tsakiyar rumfa, da agogo a ƙafarsa ta gaba. Shi ke shugabantar taron. Mahauci yana tsaye a bayansa da ladabi, yana jira.

"Tunda kun yi kunnen doki," ragon ya ce, "wanda ya fara faɗa wa yarinya suna a kunne, da bakinsa, shi ya sa. Ku hanzarta don Allah, ina da yanka."

Baraka ta fito da jaririya a naɗe cikin tawul. Na miƙa mata ƙullin. Ta kwance, ta kara a kunne, ta ce, "Ina amsawa, Inna. To. To, zan sha. Da zafinsa, na ji." Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Baba, ka rame," ta miƙo yarinyar tsakaninmu.

Alhaji ya riga ni sunkuyawa. Ya kai baki kunnenta, ya ce da ƙarfi, "Sunan Hajiya!"

"Wace Hajiya?" in ji rago.

"Hajiyarmu. Ta gida. Kowa ya san ta."

"Yarinya ba ta san ta ba. Kwananta bakwai a duniya. Faɗi sunan."

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Sau huɗun da aka yi a baya, wani yake turawa ya gaya wa liman. Yau kuwa jama'arsa duka ya baro su a filin jirgi suna ɗaga hannu. Mutum mai shekara saba'in, a tsakiyar taro, a ce ya kama sunan uwar da ta haife shi! Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula.

"Sunan matar Annabi ne," ya ce.

"Wacce?"

"Ai... ai takwarorinta huɗu."

"To kira ɗaya daga ciki."

"Ummi. Mama. Hajjo. Iya ƙarama."

Ragon ya dubi agogo, ya juyo gare ni. "Malam, kai fa?"

Na karɓi yarinyar. Ba ta da nauyi, kamar burodi. Idonta biyu, tana kallona irin kallon da ake wa wanda ya yi latti. Na kai baki kunnenta.

"Sunan kakarki," na ce. "Ta wajen uwa. Mutanen gidana."

"Malam," ragon ya ce, ya sauko daga kujera. "Ka dube ni da kyau. Ni yau za a yanka ni, ban kuma yi musu ba, aikina ne. Amma a kan suna aka ce za a yanka ni. Ba zan mutu a kan 'Hajiyarmu' ba, ba zan mutu a kan 'mutanen gidana' ba. In babu mai faɗa, a kwance ni in koma Talatar Mafara."

'Yan suna suka fara gunaguni, masu jiran nama suka matso. A gefena na ji Alhaji yana ta gwadawa ƙasa-ƙasa, ya rufe ido, ya kama harafin farko yana ja kamar mai tayar da tsohuwar mota. Saura kaɗan ta tashi.

Jaririyar ta zaro hannu daga tawul, ta kama gemuna, ta jawo ni.

"Kaka," ta ce, "ka yi kilomita ɗari takwas. Ɗan wannan ne zai gagare ka?"

Tsakanin bakina da kunnenta bai kai faɗin yatsa biyu ba. Na ja numfashi. Harshena ya tashi, ya taɓa dasashi, na ce, "Ra..."

Ƙurrr. Ƙurrr. Ƙurrr.

Matar maƙwabcina ce take kankare ƙanzon tukunya da cokali a bayan katanga, kamar yadda take yi kowace safiya, kamar tukunyar ta yi mata laifi. Gari ya waye. Ina kwance rigingine, bakina a buɗe, rabin sunan a waje, rabi a ciki.

Na duba, ba kowa a ɗakin. Sai na ƙarasa.

"Rahinatu."

Ba wanda ya amsa. Amma ya fita lafiya lau, bai maƙale a ko'ina ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Na sake faɗa, da ɗan ƙarfi, har cokalin ya tsaya.

Suna kuma sai jibi.